Kamun Ƙafa Wurin Gwaggo Baiwa

Tun ranar da Hashimu ya zama Katolika a Damagaram, inda yake koyon kafinta, mahaifinsa Malam Mansur ya ce ba shi da ɗa mai wannan suna. Kuma tsohon, in ya ce a'a, to ba mai tanƙwara shi.

Mutum ɗaya ce yake jin kunyarta a duk Matameye: yayarsa, Gwaggo Baiwa. Ita ke ɗaukar gaisuwar Hashimu ta shigar. Mace ce mai bakin tsiya.

"Kai, ɗan nema," ta taɓa ce wa Hashimu, "wai da gaske matattu kuke roƙo?"

"Gwaggo, ba bauta musu muke ba. Waliyyai ne, suna kusa da Allah, sai mu ce su sa mana baki. Ke me nake yi a wurinki?"

"Kamun ƙafa."

"To shi ke nan."

"Allah ya shirye ka! Ni ai da raina."

Da daminar bara ta rasu.

Yanzu ga labari ya iske Hashimu cewa tsohon yana kwance rai a hannun Allah. Ya hau mota ya zo, ya tsaya a zaure kamar baƙo, a gidan da aka yanke masa cibiya. Abu ɗaya yake so, uban ya ce ya yafe kafin ya cika. Kawunnansa suka sunkuyar da kai, ba wanda ya yarda ya shiga da maganar. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya kira waliyyan da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya ji bakinsa yana cewa, "Gwaggo, ki shigar mini." Hawaye suka zubo.

Ƙanensa Ɗahiru dai ya gaji da kallonsa, ya shiga. Bai daɗe ba ya fito, yana kallon ƙasa.

"Yaya, na gaya masa. Ya ce kada ka shigo."

Hashimu ya dafa bango.

"Ya kuma ce in kana da magana ka ba Baiwa, kamar yadda ka saba. Wai wurinta za shi, zai ji daga bakinta."

Kafin la'asar aka fara kuka a cikin gida. Hashimu yana nan zaure, yana ta ba Gwaggo saƙo.