Ranar da Tankari Ya Sunkuya

La'asar ta riske su a wata masana'antar jakunkuna a ƙarshen Shiling, wani garin Sinawa, inda gidaje suka ƙare, ciyayi suka fara. Babu masallaci a kusa. Abdulƙadir, ɗan kasuwar Kano, ya ɗauki robar ruwa, shi da abokinsa Tankari mutumin Maraɗi suka zaga baya su yi alwala.

A can ne ake zubar da guntayen fata. Wata dabba mai ruwan toka na tsaye bisa tarin, ƙafafunta dogaye. Ba ta yi haushi ba. Kallonsu kawai take.

"Mu koma ciki," in ji Abdulƙadir.

"Kai Bakano, kare kake tsoro? Tsaya ka gani."

Tankari ya yi abin da kowane yaro ya iya a gida: ya sunkuya kamar zai ɗauki dutse. Karen unguwa da ya ga haka sai gudu. Wannan kuwa wuya ya gani ya sauko daidai bakinsa.

Abdulƙadir bai ga tsallen ba. Ya dai ga Tankari a ƙasa, dabbar ta kafa haƙora tsakanin kafaɗarsa da wuya tana girgiza shi. Ya jefa mata robar. Ya buɗe baki zai yi ihu, salati ne ya fito. Sai da ma'aikata suka fito suna buga ƙarafa sannan ta saki, ta shige ciyawa ba tare da sauri ba.

Mai masana'antar, wanda suke kira lawban, ya iso yana yarfe hannu. "Meyo, meyo!" Wai babu komai, karen wani ne.

Wata mai ɗinki ce ta ja Abdulƙadir gefe, ta nuna masa keji a buɗe bayan sito. Da guntun Turancinta ta gaya masa: kyarkeci ne. Lawban ya sayo shi yana ƙarami daga arewacin ƙasar. Da ya ji za a zo bincike saboda wasannin Olamfik, sai ya buɗe masa ƙofa ya huta.

Jini na tsartuwa ta tsakanin yatsun Tankari. Abdulƙadir ya ciro waya.

"Alhaji, don Allah kada ka kira," in ji Tankari. "Bizata ta mutu tun bara. Kai ni Xiaobei, unguwar mutanenmu, akwai mai ɗaure ciwo."

"Ba za ka kai Xiaobei da rai ba."

"Zan kai. Na roƙe ka."

Lawban ma ya riƙe wa Abdulƙadir hannu, yana murmushi, yana cewa aboki, aboki. Abdulƙadir ya dubi rigar Tankari, wadda fara ce ɗazu. Ya fizge hannunsa ya danna lambar neman agaji.

Motar asibiti ta zo, ta 'yan sanda na biye da ita. An ɗinke Tankari, an yi masa allurai, da ya warke aka sa shi a jirgi, aka kora shi gida. Kyarkecin kuwa an harbe shi kusa da gidajen ma'aikata, inda yara ke wasa.

Tankari na nan a Maraɗi, wuyansa ba ya juyawa hagu. Abdulƙadir ya kira shi da Sallah. Tankari ya ɗauka, ya ji muryar, ya kashe.