Sabon Ƙasan Takalmi

Tun da aka karya gada garin ya zama tarko: kogi a gaba, dutse a baya. 'Yan tawaye na bisa dutsen, sojoji sun kafa shinge a gindinsa, gonakin mutane kuma suna tsakani, shekara biyu ba su ga fartanya ba. Yunwa ta mai da kowa ɗan sandan maƙwabcinsa. In hayaƙi ya tashi a gidanka sau biyu a yini, sai an so jin inda ka samo hatsi.

Mai Basilla, wani mai gyaran takalmi a bakin kasuwa, ba ruwansa da fuskar mutum, ƙafa yake kallo. Ƙasar gari baƙa ce mai laushi, dunduniya take ci a hankali. Ta dutse kuwa ja ce, tsakuwarta na yanka takalmi ta gaba, domin mai hawa da yatsu yake takawa. Sojoji ma sun gano haka, shi ya sa a shinge sai su ce kowa ya ɗaga ƙafa.

Ran nan da hantsi ƙaninsa Auta, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya miƙo masa takalmansa.

"Yaya, a ɗan kama mini nan."

Mai Basilla ya kifa su. Gaban duk ya tsattsage, ga jar ƙasa ta maƙale a ɗinki.

"Ina ka je?"

"Ina kuwa zan je? Daga gida sai kasuwa."

"An mai da kasuwar kan dutse ke nan ban sani ba? Auta, ni za ka yi wa?"

Auta ya rage murya. "Gonar Baba na je. Akwai rogon da ya tsira da kansa. Yara kwana biyu sai ruwa."

"Su na saman suka bar ka ka haƙa a banza? Me ka ba su?"

"Wallahi ba wanda ya gan ni."

Mai Basilla bai yarda ba, bai kuma ƙaryata ba. Nono ɗaya suka sha, amma sai ya kama kansa yana duba kumatun ƙanin nasa, ko sun fi na sauran mutane cika. Kunya ta rufe shi. Ga mai shayi can gefe, tun ɗazu kofi ɗaya yake ta wankewa.

Ya ɓamɓare tsohon ƙasan, ya faki ido ya wurga shi a kwata. Ya jawo guntuwar tayar da ya daɗe yana ɓoyo, ya yanka, ya yi ɗinki biyu-biyu, ya kankare gefe. To, hali zanen dutse: mutumin nan bai taɓa barin mummunan aiki ya fita daga hannunsa ba. Har mai sai da ya shafa musu, suka fito suna ƙyalli.

Da la'asar sai ga matar Auta a guje, mayafi a hannu.

"Yaya, sun tafi da shi! A layin famfo, kusa da shinge."

"Ai babu jar ƙasa a ƙafarsa!"

"Babu. Cewa suka yi, garin da kowa ke ɗaure takalmi da waya, wa ya ba shi sabo in ba mutanen dutse ba? Don Allah je ka gaya musu kai ka ɗinka."

Mai Basilla ya miƙe. Ya ɗauki ragowar tayar da zaren don shaida. Zai ce musu tsohon ya cinye ne kawai, ya tausaya wa ɗan'uwansa. Wa zai ƙaryata shi?

Bai yi taku goma ba mai shayi ya kira shi, idonsa na kan kofi.

"Maƙwabci, in shinge za ka, kada ka wahalar da bakinka. Abin da ka jefa a kwata, tun azahar yana hannunsu."