Ƙofar Bayan Jif Ɗinmu

Karo na farko da ƙofar bayan jif ɗinmu ta buɗe da kanta, ina tsakiyar shataletale ne da safiyar Litinin, da takardun jarrabawar ɗalibaina a cikin but. Na ji ƙara, na duba madubi, sai ga ƙofar ta ɗaga sama, takardu suna ta watsewa a titi. Wani direban bas ya leƙo ta taga ya ce, "Malama, yau kowa ya ci jarrabawa ke nan!" Ban yi dariya ba. Na yi kusan rabin awa ina tsintar takardu, wasu da shatin taya a kansu.

Muna da makanikenmu, wani dattijo da kowa ke kira Tabarau, saboda tabaransa da ya ɗaure da waya a bayan kunne. Ya duba ya ce sakatar ƙofar ce ta gaji, ya sa sabuwa. Bayan mako biyu ta ƙi rufuwa sam, sai da na ɗaure ta da igiyar shanya na kai masa. Karo na uku kuma ta ƙi buɗuwa, da cefanen wata guda a ciki, cikin zafin rana.

A nan ne na fara zarginsa. Wata abokiyar aikina ta ce mini a ɗakin malamai, "Ke ba ki san su ba? Yana gyara miki yau, yana dasa miki ta gobe." Don haka na je da kaina shagon kayan mota, na sayi sakata a cikin kwalinta a liƙe, na tsaya a kan Tabarau har ya gama ɗaurawa, na karɓi tsohuwar na jefa a jaka. Ranar bai raka ni bakin mota ba kamar yadda ya saba.

Kwana goma ta yi ta sake lalacewa.

Da na koma, ban ko gama gaisuwa ba ya ɗaga mini hannu. "Malama, kafin ki ce na cuce ki, zo ki gani da idonki."

Ya haska mini cikin ƙofar da tocila. Ƙarfen da sakatar ke kamawa ya lanƙwashe gefe guda. Robar jikin ƙofar ta ciki ta lotsa a wuri biyu, tazarar kamu ɗaya da rabi a tsakaninsu, ga kuma wani baƙin shati a kan shimfiɗar but ɗin.

"Wannan ba gajiya ba ce, duka ne," in ji shi. "Akwai mai cusa wani abu da ya fi ƙarfin wurin nan, ya riƙa buga ƙofar a kai har sai ta kama. Ko sakatar jirgin ƙasa na sa miki, sai ta karye. Wa ke tuƙa motar ban da ke?"

Ni ce ke tuƙa ta daga Litinin zuwa Juma'a, don maigidana motar ofis ke ɗaukarsa. Ranar Asabar kuwa ƙaninsa, wanda muke kira Auta, yakan zo ya karɓi makulli ya kai ta wanki. Auta ba yaro ba ne, ya haura talatin, yana aiki a sito na wani kamfanin kayan lantarki. Sai a lokacin na tuna cewa kusan wata huɗu ke nan da ya fara wannan kirkin, mutumin da ko takalminsa ba ya gogewa.

Da daren Juma'a na rubuta lambar kilomita a bayan hannuna. Wurin wankin mota yana ƙarshen layinmu. Da Auta ya dawo da ita bayan azahar, tana ta ƙyalli, na duba: kilomita arba'in da shida.

"Layi ne ya yi tsawo yau?" na tambaye shi.

"Wallahi Anti, kamar ana raba kyauta," ya ce, yana kallon silin.

Na sami maigidana a falo yana cire safa. Shi ma duk Asabar yakan fita da safe, wai zuwa ofis ƙarasa aiki. Na faɗa masa abin da Tabarau ya nuna mini, da maganar kilomita.

"Ƙila zagaya gari ya yi da abokansa. Ki bar shi."

"Da me a cikin but?"

"Malama, ki bar maganar nan haka nan."

Shekara goma sha huɗu muna tare. Mutumin da idan kwan lantarki ya mutu sai ya bincika wanda ya bar shi a kunne, yau an karya masa ƙofar mota sau huɗu yana cewa in bari. Kuma bai tambaye ni yadda na san kilomitar ba.

Makon nan ban yi barcin kirki ba. Abin da raina ya ba ni shi ne Auta yana kwasar kaya daga siton da yake aiki, injin ko naɗin waya, kuma yayansa ya sani yana rufa masa asiri. Motar kuwa da sunana aka yi mata rajista. Na riƙa hango kaina a ofishin 'yan sanda, shugaban makarantarmu yana tsaye a ƙofa. Har aljihun maigidana na laluba, abin da ban taɓa yi ba. Ban sami komai ba sai tikitin ajiye mota, rubutun ya goge.

Asabar ta gaba na kai yara gidan maƙwabciya, na yi magana da wani mai tasi ya jira ni a bayan layi. Auta ya fita, muka bi shi. Ya wuce wurin wankin ko birki bai taka ba. A kwanar wani kemis ya tsaya, sai ga maigidana, mai aikin ofis, ya fito daga inuwa ya shiga gaba.

"Hajiya, in ci gaba?" in ji mai tasi.

"Kada ka bari su ɓace."

Mun yi tafiyar kusan minti ashirin kafin na gane hanyar. Suka tsaya a gaban wani gida mai shuɗin get. Gidan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Rabona da shi shekara uku, tun rashin lafiyar mahaifiyarmu. Ni na matsa a yi mata aikin tiyata, shi ya ƙi. Aka yi, ba ta tashi ba. A gaban 'yan'uwa ya ce ni na kashe ta da taurin kaina. Tun ranar na goge lambarsa, na kuma hana a ambace shi a gidana.

Get ya buɗe. Matar Yaya ta fito tana tura keken marasa lafiya, shi yana ciki. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, bakinsa ya karkace, hannunsa na hagu yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Maigidana da Auta suka ɗaga shi suka sa a kujerar baya. Sannan Auta ya ɗauki keken, wani tsohon abu mai nauyi wanda ba ya naɗewa sosai, ya cusa a but. Hannayen keken biyu suka tokare ƙofar. Ya buga ta sau ɗaya, sau biyu, na uku ya sa kafaɗa.

Ban san lokacin da na fito daga tasin ba. Auta ne ya fara ganina, makulli ya faɗi daga hannunsa.

"Tun yaushe?" na tambayi maigidana.

"Wata huɗu. Ɓarin jikinsa ne ya shanye. Duk Asabar muna kai shi gashin ƙashi a asibiti." Ya sauke murya. "Yayanki ne ya sa ni rantsuwa kada in faɗa miki."

"Ni kuma ba ka yi mini wata rantsuwa ba da ka aure ni?"

Na buɗe ƙofa na shiga baya kusa da Yaya. Ya juya fuskarsa ga taga. Motar ta tashi. Sai da muka wuce danja biyu sannan ya yi magana, kalmomin suna fitowa a daddafe.

"Wa ya kira ki, Gajera?"

Sunan da yake kirana ke nan tun muna yara, ko da yake na fi shi tsawo.

"Ba kowa. Ɓarayin motata na biyo."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, na zaci tari ne, ashe dariya ce. Miyau ya zubo masa ta gefen baki. Na miƙa masa hankicina, ya daɗe yana kallonsa kafin ya karɓa da hannunsa mai lafiya.

A asibiti na zauna a benci ina kallon ma'aikaciyar gashin ƙashi tana lanƙwasa masa ƙafa, shi yana cije leɓe. Matarsa ta ce mini ta sha ɗaukar waya za ta kira ni, ya hana. Ya ce ba ya so in zo saboda tausayi.

Ranar Litinin na kai wa Tabarau motar da keken gaba ɗaya, na ba shi haƙuri. Ya ce ya ji, ya kwance wani noti da ya yi tsatsa a gindin keken, ya shafa giris, keken ya naɗe lif. Maigidana kuwa kwana huɗu na yi ba na ce masa komai sai gaisuwa. Na san don alheri ya yi, amma har yanzu in ya ce zai fita sai na ji ina son tambayarsa ina.

Ni ke kai Yaya asibiti yanzu. Bai ba ni haƙuri kan maganar da ya faɗa ba, ni ma ban tayar ba. Muna faɗa a hanya kan gudun da nake yi da kuma tashar rediyo. Makon jiya ya yi taku shida riƙe da ƙarfe, ya dage shi bakwai ya ƙirga. Na bar masa.