Man Shanun Isbrand

A ƙauyenmu Lindenfeld, in aka yi rasuwa, malamin makaranta ke rubuta takarda, ya jera sunayen gidaje a ƙasa. Ka karanta, ka kai wa na gaba da kai. Gidanmu ne ƙarshen layi, shi ya sa takardar rasuwar maƙwabciyata Goggo Sanna Harder ta iso ni bayan kowa ya gani, cikin Janairun 1887. Sai na ga suna ɗaya ƙarƙashin namu, na ɗanta Isbrand.

Da muka zo Manitoba ta ƙasar Kanada daga Rasha, gwamnati ta rubuta wa kowane magidanci fili da sunansa. Mu kuwa muka haɗe filayen, muka raba su tsiri-tsiri yadda muka saba a gida, ba wanda ya damu da takarda. Shekara goma ana haka. Rana ɗaya Isbrand ya ce shi filinsa na takarda yake so. Cikin filin nan gonarmu ta alkama take, wadda mijina Dietrich ya tsince duwatsunta da hannu har bayansa ya tanƙware. Isbrand ya kewaye ta da waya, ya gina gida a can, mil biyu daga gari. Coci ta yanke shi: ba a yi masa magana, ba a karɓar abu daga hannunsa, ko da uwarsa ce.

Na nuna wa Dietrich sunan.

"Tsohuwar ce ta roƙi dattawan coci kafin ta rasu," in ji shi. "Sun yarda ya tsaya bayan shingen makabarta ya ga an sa ta a kabari. Ki kai masa, Judith, ki ajiye a ƙofa."

"Kai ka kai mana, tunda bayanka ya warke."

Na cusa takardar ƙarƙashin tulun gishiri. Aka binne Goggo Sanna ranar Alhamis. Mutane suka waiwaya wajen shinge, ba kowa, suka ce ai dama ɗan banza ne. Ni ma na ce haka.

Ranar Asabar Isbrand ya zo, yadda ya saba. Tunda uwar ba ta iya karɓa daga hannunsa, yakan ajiye mata curin man shanu cikin farin ƙyalle a kan ginshiƙin ƙofar shingenta, ya ɗauki ƙyallen makon jiya da ta wanke ta ninke. Ya ajiye, ya ɗaga wa tagar hannu, ya juya dokinsa. Labule a sake yake saboda sanyi, kamar na kowa.

Da ya ɓace na fita na ɗauke man. Ba zan ce yunwa ba ce. Ina jin haushinsa har cikin haƙorana, kuma man yana da daɗi, ciyawar gonarmu saniyarsa take ci. Muka shafa a burodi. Na wanke ƙyallen, na ninke shi gida uku irin ninkin tsohuwar, na mayar kan ginshiƙin.

Mako goma sha huɗu ina wannan aiki. Gari duk sun gani. Matar mai gari ta tare ni a rijiya tana dariya.

"Judith, kin yi kumatu. Ashe ke ma kin haifi ɗa mai albarka."

"Ki je ki gaya masa mana," na ce.

"Ni? A yanke ni saboda shi?"

Haka kowa ya ce. Dokar da ta hana mu yi masa magana ta zame mana inuwa, muka shige muka zauna.

Cikin Afrilu ƙanƙara ta narke, hanya ta zama taɓo. Ran nan Isbrand ya zo da matarsa a keken doki, tana rungume da abu cikin bargo. Ya karɓa, ya tsaya bakin shingen uwarsa, ya ɗaga shi sama wajen taga.

"Inna!" ya kira. "Ba sai kin yi magana ba. Ki ɗaga labule kawai. Mace ce, sunanki na sa mata."

Ya daɗe a haka. Jaririyar ta fara kuka. Ƙofofi suka buɗe duk tsawon layi, mutane na leƙe.

"Inna, kin ci man duk hunturu, kallo ɗaya ne ba za ki iya ba?"

Nan na ji abin ya ishe ni. Na ɗaga tulun gishiri, na fita da takardar, na ɗora ta kan ginshiƙin kusa da ƙyallen, na koma gefe. Ya miƙa wa matarsa yarinyar. Ya karanta, na ga yatsansa ya tsaya kan ranar wata, sannan ya gangara har sunan da ke bisa nasa. Ya ɗauki ƙyallen ya duba ninkinsa.

"Yaya Judith," ya ce a hankali, "wa yake wanke wannan?"

Na dubi fuskarsa, na rufe bakina, domin coci ta hana.