Riga a Juye

"Wannan idon na wane ne?"

Areej ba ta ɗago daga kan tukunyar shinkafa ba. "Tsumma ne, ya Mastura. Goge farantin ki miƙo, mata sun fara zuwa."

"Na san tsumma ne. Kafin ya zama tsumma nake tambaya."

Mastura ta baje shi a kan teburin kicin ɗin surukarta. Baƙin ƙyalle ne, ya sha mai da ruwan tumatir har ya yi tauri, amma a gefe ɗaya ido guda na nan yana kallonta, da rabin gira, da wuyan gita da almakashi ya raba da gangar jikinta. Ta san idon. Shekaru ta yi tana ɗora kumatunta a kansa.

Yau take fita takabar mijinta Othman, yayan Areej. Wata huɗu da kwana goma ta yi a sama, a ɗakinsu na bene na uku a unguwar Safa ta Jidda, ba kwalli, ba turare, ba ko leƙa taga. Yau aka ce ta sauko wurin mahaifiyarsa Hajiya Ummukulthum a bene na farko, a sa mata lalle, a ci abinci, a gaya mata duniya ta sake buɗewa. Ita kuwa kicin ta gudo, don idanun matan falo sun yi mata yawa.

Ta durƙusa ta buɗe kabad ɗin ƙarƙashin famfo. Leda ce cike. Ta zazzage ta a ƙasa. Duk guntayen rigunan Othman ne.

Ga shuɗiya, ta mawaƙin nan na Sudan da ya sa Othman kuka a gaban mutane, daga baya ya ce iskar teku ce ta shiga masa ido. Ga fara, ta ranar da suka makara don motarsa ta mutu a hanya, suka ji rabin waƙoƙin daga bayan shinge. Ga wata da sauran haruffa uku na sunan wata ƙungiya a jikinta, an goge murhu da ita har zaren ya narke. Duk an yanka su murabba'i murabba'i, yanka mai kyau, na hannun da bai yi rawa ba.

Othman ya tashi a zamanin da kiɗa sai a ɓoye, a gidajen biki na bayan gari, ƙofa a rufe, wani yana tsaye yana duba titi. Da aka buɗe fili aka fara hafla, wato taron kiɗa da waƙa, a Jidda, sai ya zama kamar mai azumin da ya ji kiran magariba. Ba ya bari ta wuce shi, kuma ba ya dawowa sai da riga mai hoton mawaƙin. Shi yana tara riguna, ita tana tara sauran. Tana da wani babban kundi mai koren bango da take manna rayuwarsu a ciki: tikiti, ɗan zoben takarda na wuyan hannu, takardar da aka naɗo burodin tamis a ciki, busasshen furen fulla, har da yashin bakin teku da ta kama da gam. Yakan tsaya a kanta yana dariya. "Wata rana zan farka in tarar an manna ni a shafi," in ji shi.

Tun ranar da aka kai shi ba ta taɓa kundin ba, ba ta kuma taɓa ƙaramin akwatin rigunan da ke saman kabad ba. Ta yi wa kanta alkawari sai yau. In baƙi sun watse, ta rufe ƙofa, ta sauke akwatin, ta buɗe kundin, kowace riga a gefen shafinta. Da wannan alkawari ta yi ta tura kwanakin takaba, ashe akwatin wofi take gadi.

"Yaushe?" ta ce.

Areej ta ajiye ludayi. Hausarta gutsi-gutsi ce, in ta rikice sai Larabci ya rinjaya. "Ranar uku. Ummi ta tambaye ki, za a fitar da kayansa sadaka? Kika ce halas, shi ke nan, a fitar. Da bakinki, wallahi, ina wurin."

"Jallabiyoyi nake nufi. Takalma."

"To ai sun tafi. Waɗannan kuma Ummi ta ce ba a ba da su, wa zai yi sallah da fuskar mutum a ƙirji? Ta ce duk idon da ya kalli hoton mawaƙi nauyi ne a kabarinsa. Sai muka…" Ta yi alamar almakashi da yatsu biyu, sannan ta ji kunyar hannun ta ɓoye shi. Da can su biyun ba sa zama ba tsokana, irin ta matar wa da ƙanwar miji, sai ta nemi ta koma can. "Ke ma ba yanka kike yi kina mannawa ba? Mun rage miki aiki."

Mastura ta dube ta. Areej ta sunkuyar da kai. "Ma'alesh, yi haƙuri," ta ce a hankali.

Amma hannun Mastura ya riga ya koma cikin tarin, yana juyawa, yana warewa. Baƙi, shuɗi, fari, toka. Ta sake juyawa.

"Ina rawayar?"

"Wace rawaya?"

Ita ce ta farko. Makon da aka ɗaura musu aure, tun ba ta tare ba, ya ɗauke ta daga gidan iyayenta a unguwar Sa'alaba zuwa hafla a bakin teku, ya sayi rigar a ƙofa ya saka nan take a kan tasa. Da aka kira magariba kiɗa ya tsaya, maza suka jera sahu a kan darduma. Othman ya dubi fuskar da ke ƙirjinsa, ya laɓe bayan wata mota, ya fito da rigar a juye, ciki a waje, ɗinki duk a fili, ɗan farin ƙyallen bayan wuya ya miƙe kamar harshen ɗan akuya. Tana daga sahun mata tana hango farin ƙyallen nan yana sauka ruku'u yana tashi, dariya na cinta har ta kusa ɓata sallarta. Aure dai an riga an ɗaura, amma so a wannan magariba ya shiga. Daga baya a gida kusan kullum a juye yake saka ta. In ta ce ya mayar da ita daidai sai ya ce, "A mayar a yi me? Ai sallah ba ta ƙarewa."

"Akwai wata rawaya," Areej ta ce tana tunani, "amma ba hoto a jikinta. Ita ta tafi sadaka. Baba Yelwa aka ba."

Mastura ta miƙe. Ta tattara tsummokaran cikin leda, ta rungume, ta ratsa falon. Matan suka fara "ga amarya, ga amarya", wata ta ɗago kwanon lalle, ita ko waiwaye. Ta sauka matakala ba takalmi.

Zafin Jidda ya tare ta a ƙofa, mai danshi, mai nauyi, kamar an rufa mata jiƙaƙƙen bargo. Hasken ya sa ta runtse ido, don ta manta yadda rana take. Da ta buɗe sai ga shi.

Baba Yelwa tsoho ne mai gadin ginin, ya zo aikin hajji daga Najeriya tun ba a haife ta ba, bai koma ba. Yana sunkuye yana wanke motar wani maƙwabci, ya ba ta baya. Rawayar riga, ɗinki a waje. Ɗan farin ƙyallen ya miƙe a bayan wuyansa, yana sauka yana tashi da motsin soso.

Ta dafa bango. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, na ɗan lokaci kaɗan zuciyarta ta yarda. Ta san ƙashin bayan nan ba na Othman ba ne, ta ga furfura, amma zuciya wawuya ce, ta yi tsalle kamar yadda take yi in ta ji mukullinsa a ƙofa.

"A'a, 'yata, an fito?" Baba ya yar da soson yana murmushi. "Barka da arziki. Allah ya jiƙan Usumanu, ya ba ki haƙuri. Ina takalminki? Kwaltar nan tana gasa ƙwai."

"Baba, rigar nan."

Ya dubi jikinsa ya shafa. "Tasa ce ai. Auduga ce ta gaske, tana shan gumi, ba irin ledar da ake sayarwa yanzu ba. Ranar da na juya ta daidai sai ga wani ƙato da gashi buya-buya yana hararata. Na ce a'a malam, koma ciki, ba mu saba ba." Ya yi dariya, haƙoransa biyu na gaba babu. "Sai na gane abin da yaron nan yake yi. Duk sanda na zura ta sai na ce Allah ya haskaka kabarinsa. Sau biyar a rana, wani lokaci shida in na yi wanka."

Maganar ta shige ta kamar allura. Da ma ya ce bai san ta wane ne ba. Da ma goge mota yake yi da ita.

"Mastura."

Hajiya Ummukulthum ce a bakin ƙofa, tana haki, Areej na riƙe da gwiwar hannunta. Ta rame ƙwarai a watannin nan, abayar ta yi mata yawa. Idonta ya sauka kan ledar, ya koma kan rigar, ta gane komai.

"Ki hau sama, mata na jiranki."

"Hajiya, kin yanka su."

"Na yanka. Da hannuna, ina kuka." Ba ta ɗaga murya ba. "Ke kina so ki ajiye shi a akwati. Ni ina so a sassauta masa inda yake. Ni na haife shi, yarinya. Ba na iya kai masa ruwa, ba na iya ja masa mayafi. Abin da zan iya aika masa kenan, in rage masa kaya, in ƙara masa guzuri."

"Ba wanda ya tambaye ni."

"An tambaye ki."

"An tambayi gawa ta biyu da ke ɗakin. Ranar nan ko ce mini kuka yi za a fitar da ni sadaka, halas zan ce."

Baba Yelwa ya dubi wannan ya dubi waccan, murmushin ya bushe. Ya kama gefen rigar da yatsu biyu, ba da son ransa ba. "In don ta ni ne, Hajiya, ai sai in…"

"Kada ka soma, Malam Yelwa. Sadaka ba ta komawa gida." Ta juyo ga Mastura. "Kin ji da kunnenki, sau biyar a rana ake yi masa addu'a saboda rigar nan. Duk abin da ya kashe a waƙe-waƙe, wannan ɗaya ce ta zame masa alheri. Ita za ki ƙwace? Don ki shinshina? Je ki shinshina mana, ki ji ko shi ne."

Mastura ba ta buƙatar matsawa. Daga inda take tana jin sabulun mota da gumin tsoho. Othman ya fita daga zaren nan tuni, ta sani. Ta kuma san maganar Hajiya ba ƙarya ba ce, an karantar da ita ita ma, ta san abin da aka ce game da mai komawa kan kyautarsa. Ta gwada a ranta ta bar ta. Ta ga kanta tana wucewa ta ƙofar nan safe da yamma, farin ƙyallen yana sauka yana tashi a wuyan wani, har rigar ta koɗe, ta huje, wata rana ita ma ta zama abin goge taya. Ta ga kundinta a sama, shafin farko, tikitin nan da yashin teku, da gurbin da ta bari a gefensu.

Kowa ya sami Othman ɗinsa. Hajiya ta sami mai buƙatar guzuri, ta shirya masa. Matan falo sun sami marigayin da za a ci shinkafa a kansa. Har Baba ya sami mai shan gumi. Wanda ya laɓe bayan mota ya juya riga don ya haɗa waƙarsa da sallarsa a jiki ɗaya, shi ne ba wanda ya bar masa wuri, sai cikin leda a ƙarƙashin famfo.

"Ya Mastura, yalla, mu hau," Areej ta ce. "Mutane na kallo ta taga."

Mastura ta gyara rungumar ledar. Hawaye na zuba amma muryarta ta fito sumul, har ita kanta ta yi mamaki.

"Baba, ka yi haƙuri, ka shiga ɗaki ka cire mini ita. Gobe zan aiko maka da sababbi na auduga, in ka ga dama ka ci gaba da addu'a, in ba ka gani ba Allah ya san inda yake kwance." Ta juya ta fuskanci surukarta. "Hajiya, ku ci shinkafarku, ku sa wa juna lallen. Zan ɗauki rigata da tsummokarana da kundina, yau a Sa'alaba zan kwana. In an tashi tambayar wanda ya karɓe sadakar Othman, ki nuna ni."