Tabaran Na-Sama

Ranar da Na-Sama ya ji za a rushe tsohon benen da suka yi haya a cikinsa, sai ya cire gilashin idonsa, ya goge da bakin riga, ya mayar. 'Yarsa Auta ce ta kawo labarin. Sana'arta ɗaukar hoton gine-gine da ɗan jirgin nan marar matuƙi, kuma masu rusau ɗin ne suka ba ta aikin ɗauko hoton layin gaba ɗaya kafin katafila ta shigo ƙarshen mako.

Sunan Na-Sama ba a banza ya same shi ba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana tuƙa ƙugiyar gini, injin nan mai dogon wuya da ke tsaye a tsakiyar wurin aiki yana ɗaga rodi da siminti. Da safe ya kama tsani ya hau, ya shige ɗan ɗakin gilashi can ƙololuwa, ba a sake ganinsa a ƙasa sai yamma. Yau kuwa ɗan tudun ƙofar gida ma sai an riƙe masa hannu. Ga yanar ido ta rufe masa na hagu, likita kuma ya ce na daman ma yana hanya.

Shekarun da ya fi so a rayuwarsa su ne waɗanda ya yi yana aiki a wani dogon gini da ke kallon benen nan nasu. Lokacin babu waya a aljihun kowa. Don haka kullum da hantsi matarsa, wadda yara ke kira Umma, takan hau rufin benen ta shanya wani zanin gado rawaya, ma'ana gida lafiya lau. Shi kuma ya juyo da wuyan ƙugiya wajen gidan, ya sauke ƙugiyar ƙasa kaɗan, ya ɗaga, ma'ana na gani. Sau ɗaya tak ya leƙa bai ga zanin ba. Ya sauko tsani kamar zai tashi sama, ya bar ɗaurin rodi yana lilo, ya isa gida ya tarar an haifi Auta.

"Jirgin nan naki," ya ce da ita, "an ce akwai tabaran da mutum ke sawa ya ga abin da jirgin ke gani, kamar yana ciki."

"Akwai, Baba."

"To ina so in ga rufin nan kafin su kayar da shi."

Umma na gefe tana ninke wanki. Ta taɓe baki. "Me za ka gani? Tankin ruwa mai tsatsa da kashin tantabara? Tsufa ya zo, rigima ta ƙaru."

"Ba da ke nake ba, Tsohuwa."

"Ai na sani. Ni dama ba a da ni."

Washegari Auta ta kai shi shagon da take sayen kayan aikinta, wani ɗan lungu cike da fikafikan roba da batura da wayoyi a rataye. Mai shagon irin mutanen nan ne da in ka tambaye su allura sai sun ba ka tarihin ƙarfe. Ya kawo wa Na-Sama kujera, ya jera tabarau kala-kala a kan tebur.

Auta ba ta yi wata-wata ba, ta ɗauko wanda ya fi kowanne kyau, siriri, marar nauyi, mai ƙananan alluna biyu, kowane ido da nasa. Ita a ganinta ubanta ya cancanci na gaba-gaba. Amma tabaran ya ƙi zama a kan gilashin idonsa. Mai shago ya ce a cire gilashin, akwai 'yan maɓallai a ƙasa da ake murzawa su daidaita da idon mutum. Aka cire, aka murza dama, aka murza hagu, aka matso da allunan, aka ware su.

"Yanzu fa, Baba?"

"Kamar ina leƙen ruwan wanki."

Aka murza har maɓallan suka ƙure, idon Na-Sama ya fi ƙarfinsu. Aka gwada na biyu, wanda ya ɗan fi faɗi. Wannan ya hau kan gilashin, sai dai ya danne masa ƙarfen a karan hanci har hawaye ya fito, ga haske na shigowa ta gefen kumatu yana wanke hoton. Na uku maɗaurinsa ya ƙi tsayawa a sanƙon tsoho, sai zamewa yake.

Can Na-Sama ya nuna wani da ke saman kanta, ƙura ta hau kwalinsa. "Wancan fa?"

Mai shago ya yi dariya. "Wannan mai akwati ke nan, Baba. Allo ɗaya ne a ciki, babba. 'Yan koyo ke sayensa. Ga nauyi, ga muni, in ka sa kamar ka kifa tukunya a fuska."

"Sauko da shi."

Auta ta ɗan ɓata fuska, don wallahi abin bai da fasali, ga eriya biyu a tsaye kamar ƙahon akuya. Amma ya shige kan gilashin tsaf, soson gefensa ya toshe haske ko ta ina, maɗaurin sama ya riƙe sanƙon. Kuma da yake allon ɗaya ne, idon dama shi kaɗai ya iya ɗaukar hoton, bai jira na hagu ba. Na-Sama ya ga wata taga mai kusurwa huɗu a gabansa, duhu kewaye da ita. Girmanta ɗaya da tagar ɗakin ƙugiyarsa.

A nan ne Auta da mai shago suka yi kuskuren da sai masu jirgi ke yinsa. Don su burge shi, suka kunna masa hoton da suka fi alfahari da shi, na tseren jirage. Jirgi ya cilla sama, ya wuntsila, ya kutsa ta tagar kango, ya fito, ya yi ƙasa kamar an jefo dutse. Na-Sama ya damƙe kujera. Duniya ta juya masa, zuciyarsa ta tashi, ya fizge tabaran yana haki, gumi na bin wuyansa.

"Haba Baba," in ji mai shago, yana ƙunshe dariya, "kai da aka ce a sama ka tsufa?"

"A sama na tsufa, amma ban taɓa yin alkafura a can ba."

Ya faɗa da raha, amma ransa ya ɓaci ƙwarai. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya biyo baya: watakila saman ma ta ƙi shi yanzu, kamar yadda tsani ya ƙi shi. Ya miƙa wa Auta tabaran ya ce su tafi gida, ya haƙura. Auta ta ce a naɗe mata mai akwatin duk da haka. Suna cikin mota, sun kusa gida, Auta ta dube shi.

"Baba, laifina ne," ta ce. "Ni na saba da gudu. Kai yaya ƙugiya take tafiya?"

Hannunsa ne ya tashi da kansa, ɗan yatsa a tsaye yana zagayawa a hankali. Auta ta yi murmushi. Ai da alamun nan aka raine su. A wurin aiki mai ba da hannu ne ke tsayawa a ƙasa yana yi wa na sama alama, shi kuma Na-Sama ya kwaso su ya kawo gida. Yatsa sama yana juyi, ɗaga. Yatsa ƙasa, sauke. Hannu a miƙe gefe, juya can. Dunƙulallen hannu, tsaya cak. Ko ruwa ake zuba masa a kofi, da dunƙule hannu yake cewa ya isa.

"To gobe kai ne mai ba da hannu," ta ce. "Abin da ka ce shi jirgi zai yi."

Da hantsi suka shirya. Umma ta ce ita ba ta zuwa kallon shirme, tana da unguwar da za ta je, ta riga su fita da jakarta a hammata.

Layin ya zama kufai. An cire yawancin ƙofofi da tagogi, an shafa wa kowane bango jan fenti. Shagon telan da ke ƙasan benen babu komai ciki sai ƙusoshi a bango. Auta ta ajiye wa ubanta kujera a inuwa, can nesa da benen, ta ɗaura masa tabaran, ta ajiye jirgin a kwalta.

Da farko ƙafafun kujera ya gani, da wani tsoho zaune da tukunya a fuska. Sai da ya ɗan jima kafin ya gane shi ne. Ya ɗaga yatsa ya juya. Ƙasa ta fara ja da baya sannu-sannu, kamar yadda take yi in yana hawa tsani. Kan bishiya ya wuce, wayoyin lantarki suka wuce. Zuciyarsa ba ta tashi ba. Ya miƙa hannu dama, jirgi ya bi. Ginin da suka yi yana nan, ya tsufa shi ma, an kewaye shi da wasu da suka fi shi tsayi. Ya yi ta ja da jirgin har ya kai gefensa na gabas, inda ƙugiyar ta tsaya shekara da shekaru. Ya ƙara sama kaɗan. Ya juyo da fuska. Ya dunƙule hannu.

Ga rufin nan. Tankin ruwa ya yi tsatsa, gaskiyar Tsohuwa. Sandunan shanya biyu na tsaye, igiya ɗaya ta rage a tsakaninsu. Ga kusurwar da babban ɗansu ya kafa akurkin tantabaru, ga inda suke shimfiɗa tabarma lokacin zafi. Ashe rufin ɗan ƙarami ne haka. Ya yi ta kallo, kewa ta cika masa ƙirji. Ya samu abin da ya roƙa, amma rufi ne kawai babu kowa a kai, kuma hakan ya fi rashin gani ciwo.

Yana shirin juya yatsa ƙasa, sai ƙofar matakalar rufin ta motsa.

Wata tsohuwa ta fito, hannu ɗaya a bango, ɗaya a gwiwa. Ta tsaya ta daɗe tana mayar da numfashi. Sannan ta ja ƙafa zuwa igiyar, ta buɗe jaka, ta zaro zanin gado. Ya koɗe har ya kusa zama fari, amma rawayarsa na nan. Ta yarfa shi kan igiya, ta ja gefe da gefe ta daidaita, yadda take yi tun tana amarya. Ba ta nemi inda ƙarar jirgi take ba. Ta juya kai tsaye wajen da ƙugiya take a da, ta kare rana da tafin hannu. Idonta ya faɗa cikin nasa.

"Baba," Auta ta ce ƙasa-ƙasa, tana kallon nata allon, "Umma ce."

Ya juya yatsa ƙasa. Jirgin ya sauka kaɗan. Ya juya shi sama, jirgin ya koma. Auta ba ta san ma'anar ba, ta dai bi hannu.

A kan rufin, Umma ta sauke hannunta. Ta gyaɗa kai sau ɗaya, irin na wadda aka ba amsar da take jira. Sai ta lallaba ta zauna a gindin tanki, ta miƙe ƙafafu tana matsa gwiwa.

Benen hawa huɗu ne. Duk shekarun nan Na-Sama na ba da labarin tsaninsa, tsayinsa, iskar da ke kaɗa shi, mutane na jinjina masa. Bai taɓa tunanin matakalar da ke bayan ƙofar can ba. Daga sama ba a ganinta, zanin kawai ake gani. Ta hau ta da goyo, ta hau ta da tsohon ciki har jajibirin haihuwar Auta, yau kuma ta hau ta da gwiwoyin da ko sallah a zaune take yi da su. Tausayinta da sonta suka taso masa lokaci guda, gilashinsa ya yi hazo a cikin tabaran, hoton ya dushe.

"Batir ya kusa ƙarewa, Baba. In ƙara zagayawa da kai ka ga layin?"

Ya zare tabaran ya ɗora a cinya. Soson ya jiƙe.

"Na gani, Auta. Sauke jirgin." Ya laluba ya kama hannunta. "Ki je ki sauko da uwarki. A hankali, kar ki bari ta yi sauri. Ki taho da zanin."