Wuƙar Kaka a Mashigar Yeji

Har yau in na tuna tafiyar da ƙanena Badruddeen ya yi, raina ɓaci yake kamar jiya abin ya faru.

Mu mahauta ne, gidanmu na bayan Abatuwa a Jos. Kakanmu ya bar wuƙar fawa guda, kuma a al'adar gidanmu babban ɗa ke gadonta. Babban ɗa Baffa Isa ne, amma Babanmu ya riga shi ɗauka ranar sadakar uku.  Baffa ya tattara ya koma Yeji a ƙasar Ghana, shekara talatin da ɗaya ko barka da Sallah ba ta haɗa su ba. Da ciwon ƙoda ya kwantar da Baba, sai ya ce a mayar wa yayansa kayansa tun yana numfashi. Ba abin da yake jira sai ya ji Baffa ya karɓa.

Badruddeen ya ce shi zai kai. Ana gobe tafiya ya wuni yana wasa wuƙar a dutse, wai abin kunya ne mahauci ya miƙa wa mahauci dakusasshiyar wuƙa. Na ce wuƙar da za ta ƙetare iyaka uku ba kaifi take bukata ba. Ya ce mu mata ba mu san fawa ba. Na naɗe ta cikin darduma, na cusa a ƙasan jakar goyonsa, na ɗora kilishin tsarabar Baffa a sama.

Duk inda ya tsaya sai ya bugo min. A iyakar farko an sauke su cikin rana awa huɗu, wai mai hatimi ya tafi cin abinci. Fasfo da katin rigakafi ba inda suka yi kuskure, amma sai da rabin kilishin ya zauna a wurin kafin mai hatimi ya ƙoshi. A ta biyu direba ya gaji da jira, ya watso masa jaka ta taga ya ƙara gaba. Sauran kilishin a ta uku ya ƙare, inda wani ƙato ya riƙa ɗaga kayan sawarsa ɗai-ɗai a gaban mata. Ina jin wannan cin mutunci ina haɗiyewa, tunda dai ba wanda ya warware darduma. Baba kuwa kowace safiya tambayarsa ɗaya, ko yaron ya isa.

Rana ta biyar ya isa Makango, bakin ruwa. Jirgin fito kawai ya rage tsakaninsa da Yeji. Nan wani mai kaki, wanda ko suna babu a ƙirjinsa, ya zazzage jakar ƙasa, wuƙa ta faɗo. Ya zare ta daga kube, ya jujjuya, ya yi dariya ya ce wannan tsohon ƙarfe ko albasa ba zai yanka ba, ya miƙo masa abinsa.

An fa miƙo masa! Mai hankali godiya zai yi ya wuce. Amma ɗan gidanmu jinin fawa ya motsa. Wai za a raina wuƙar kakansa a ƙasar mutane? Ya naɗe hannun riga, ya aske gashin hannunsa tas a gaban jama'a, har da hure shi.

Nan take tsohon ƙarfe ya zama makami. Badruddeen ya yi roƙo da Hausa, ya yi da Turanci, ya nuna hoton Baba a kan gado. Mutumin ya ce ya zaɓa, ko jirgi ko ofis. Badruddeen ya zaɓi jirgi, yana tashi ya hango mutumin zaune a benci yana ɓare lemo da ita. Da ya gaya min, ban san wanda zan fara zagi a cikinsu ba. Na rufe kaina a kicin na yi kuka.

Ban iya gaya wa Baba ba. Bayan la'asar waya ta yi ƙara, lambar Ghana. Wata tsohuwar murya ta ce, ba ko sallama, “Ba ni Lukuman.”

Ban taɓa jin wanda ya kira Baba da sunansa haka gatsau ba. Na kara masa wayar a kunne.

“Lukuman, wuƙar ubanmu ka ba wannan sakaran a jaka kamar kayan gwanjo? Kube ya kawo min. Kube! Tun kana yaro ba ka iya yin abu daidai ba.”

Baffa ya yi ta zuba faɗa, ya tono na bara da na shekara talatin. Na yi nufin janye wayar, Baba ya damƙe min hannu da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Hawaye na gangarowa cikin kunnensa, yana ta cewa, “Na'am, Yaya. Gaskiya ne, Yaya.”

Ana tsakiyar faɗan layi ya katse. Baba bai saki hannuna ba. Ko minti ɗaya ba a yi ba Baffa ya sake bugowa, ya ɗora daga inda ya tsaya.